Gonar kaka, takardar jika: wa ke da ƙasa a Madawa, Buza da Keita?

Zauren sarki a Madawa, ko Buza, ko Keita, yana da lokacin cikarsa. Ƙarshen bazara ne, sa'ad da aka gama sharar gona, 'yan cin rani suka fara dawowa daga Abijan da Legas da Libiya, kowa ya ɗaga kai yana duban gabas. A lokacin ne shari'ar gona take tashi. Wannan ya ce, "Ranka ya daɗe, kakana ne ya sari dajin nan, aro aka ba su." Wancan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a gonar nan na buɗe ido na ga ubana yana noma, shi ma a nan ya tarar da nasa uban, kuma ba mu taɓa kai wa kowa dami ba." A nemi shaidu, a tarar dattijon da ya san asalin maganar ya rasu bara waccan. In abin ya ƙi, a ɗauko Alƙur'ani. Wanda ya yarda ya rantse ya tafi da gona, ɗayan ya koma gida da ita a zuci, ya bar wa 'ya'yansa wasiyyar kada su manta.

Abin da ya sa wannan shari'a take da wuya shi ne sau da yawa babu maƙaryaci a cikin su biyun. Kowa tarihi ya riƙe, sai dai kowa da zamanin da ya fara ƙirga nasa. Kuma kowane zamani, daga na sarakunan dauri har zuwa na mulkin Seyni Kunce, ya ba da tasa amsar a kan wanda ke da ƙasa, ba tare da ya soke ta wanda ya gabace shi ba. Shi ya sa nake ganin takardar da ta ɗauki suna ɗaya tak ta ce shi ne mai gona, ta yi shiru a kan sauran masu haƙƙi a cikinta, rabin gaskiya ta rubuta, kuma rabin da ta bari shi ke kai mutane asibiti da kurkuku.

Manoman farko da tarihin baka ya sani a duwatsu da kwaruruwan Adar, yankin da Buza da Keita suke, su ne Azna, kuma har yau akwai gidajen da kowa a gari ya yarda su suka fara sara. Nicole Echard ta zauna da tsofaffinsu ta rubuta abin da suka riƙe, Farfesa Djibo Hamani kuma ya fitar da littafinsa a 1975 a kan Adar ta kafin zuwan Turawa. Bayan Azna sai Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa sarauta a Adar wajen ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Illela. Lisawan suka zama masu sarautar Keita. Ta kudu akwai Gobirawan Gobir Tudu, inda Madawa take. A ƙarni na 19 ƙarfin takobi ya koma hannun Abzinawa: Kel Geres, waɗanda sarautunsu ke Azarori da Galma har gobe, da Iwillimmidan masu saukowa daga Azawak. Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu iko da ya auna gona ko ya kafa mata dutse. Daji yana da yawa, mutane ne ba su da yawa. Abin da mai iko yake nema shi ne hatsi da biyayya da hannun da zai yi noma, shi ya sa aka zaunar da bayi da 'yantattu a ƙauyuka suna noma suna kai rabo. Don haka idan jikan mai sarauta ya ce ƙasar kakansa ce, mulki yake nufi. Idan jikan wanda ya riƙe gatari ya faɗi haka, sara yake nufi. Jikan wanda aka zaunar kuwa, gumin kakanni huɗu yake nufi.

Faransawa da suka kama ƙasar a farkon ƙarni na 20 sun zo da rajista, amma ta kawunan mutane da na dabbobi ce, saboda haraji da aikin tilas. Sun yanka ƙasa kanto-kanto, suka naɗa sarakuna, wani suka ɗaga, wani suka danne. A Kano, Ingilishi sun sa malaman taki suna bin gonaki suna aunawa da ƙafa don yanka haraji. Manomin Adar bai ga irin wannan ba. Dokar rajistar filaye ta 1932 ta Afirka ta Yamma ta Faransa ta fi amfanar 'yan birni da kamfanoni, kuma akwai ƙa'idar nan tasu mai cewa duk ƙasar da ba kowa a kanta, ba ta da mai ita, ta gwamnati ce, alhali saura da makiyaya duk suna da masu su. Wanda ya je gidan ajiyar takardun tarihi a Yamai yana neman iyakar gonar kakansa, abin da zai fi samu shi ne sunan ƙauyen da sarkin da aka sa shi a ƙarƙashinsa. Wannan shaida ce ta wanda ya karɓi haraji, kuma bai kamata a bari a mai da ita shaidar mallakar gona ba.

Bayan 'yancin kai, gwamnatin Jori Hamani ta nufi rage ƙarfin masu ƙasa. Dokar 25 ga Mayu 1960 ta hana karɓar zakkar gona da ushirar da sarakuna ke karɓa. Ta 12 ga Maris 1962 ta soke gatan da ake da shi a kan gonakin sarauta, ta bar su ga masu noma su. Sai Seyni Kunce ya karɓi mulki a Afrilun 1974, cikin yunwa, kuma a jawabinsa na 18 ga Disamba na shekarar ya sanar cewa duk gonar da mutum yake nomawa, ko ta wace hanya ta zo hannunsa, ta zauna a hannunsa ke nan. Maganar ta fita ta rediyo ta shiga kowace bukka. Ba a mai da ita cikakkiyar doka mai bayani dalla-dalla ba, amma a zamanin Kunce wa zai ce a nuna masa a rubuce?

A nan ne damin nan guda ya zama babban abu. A al'ada, wanda aka ba aron gona yakan ɗauki dami ɗaya ko biyu bayan girbi ya kai gidan mai ita. Damin ba kuɗin haya ba ne, bai kai ya ciyar da gida kwana uku ba; tuni ne na shekara-shekara, a gaban idon maƙwabta, cewa gonar tana da asali. Bayan 1960, musamman bayan 1974, wasu suka daina kaiwa saboda hukuma ta ce an hana. Wasu suka ci gaba saboda kunya da zumunci. Yau jikan wanda ya daina yana cewa gonarsa ce, ga shekara hamsin ba wanda ya tambaye shi. Jikan wanda ya ci gaba da kaiwa kuwa, mutuncin kakansa ya zama hujja a kansa. Duk alƙalin da bai ji nauyin wannan ba, bai san shari'ar da ke gabansa ba.

Sai dokar karkara, wadda aka fi sani da Code Rural, ta fito ranar 2 ga Maris 1993. Ina cikin masu yaba mata, kuma ƙasashe maƙwabta sun yi ta zuwa koyon ta. Ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada daidai yake da wanda ya samu ta takarda. Ta ce mallakar al'ada tana tabbata ta gadon da jama'ar wuri suka shaida a ƙwaƙwalwarsu, ko ta kyautar dindindin daga mai sarautar da ke da hurumi. Wato doka da kanta ta amince cewa kundin filayen karkara yana cikin kawunan tsofaffi. Amma tun ana shirya ta, labari ya bazu cewa za a rubuta masu gona, sai kowa ya tashi neman zama shi ne za a rubuta. Christian Lund, wanda ya bi shari'o'in gona a jihar Damagaram ya fitar da littafi a 1998, ya nuna yadda jin ƙamshin dokar kaɗai ya tayar da rigingimun da suka daɗe a kwance: masu ba da aro suka shiga karɓe gonakinsu kafin a ce sun zama na masu noma su, masu aro kuma suka shiga musun cewa aro ne. Dokar ba ta fito fili ta faɗi matsayin wanda ya dogara da maganar Kunce ba, kuma wannan ramin yana nan.

Dokar ce ta haifi hukumomin filaye da kowa ke kira Kofo. An fara gwada su a Mirya da Maine Sorowa a 1994, daga baya suka bazu: ta gunduma a ƙarƙashin shugaban gunduma, ta ƙaramar hukuma a ƙarƙashin magajin gari, ta ƙauye a ƙarƙashin mai gari, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Suna ba da takardar shaidar riƙon gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta haya, da ta aro, da ta jingina. Yadda aka tsara abin yana da kyau. Mutum ya nemi takarda, a yi shela a ba da lokaci ko akwai mai ja, sannan a fita gona. A tsaya a kan iyaka, inda aka jera duwatsu ko aka dasa gamba ko aguwa, maƙwabcin gabas ya ce nan ne, na yamma ya ce haka ne, a zaga kusurwa huɗu, kowa ya dangwala yatsa. Ranar da aka yi haka da gaskiya, an kashe wata shari'ar da za ta ci jikoki.

Matsalar ita ce wa ke zuwa neman takardar. Galibi mai saye ne, ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko wanda ya dawo daga biɗa da kuɗi, domin shi ya san amfaninta kuma shi ke da abin biyan awo da man babur. Mai aro ba ya zuwa, don yana tsoron ranar da ya ce a rubuta, ranar za a ce ya tashi. Mai ba da aro shi ma ba ya so, don kada rubutu ya ɗaure shi. Takardar kuma da Faransanci take, mai dangwala yatsa bai san abin da ya dangwala wa ba, a ƙasar da kusan kowane ƙauye yake da malamin da ke rubuta Hausa da ajami. Ga kuma mai gari: shi ne shugaban Kofo ta ƙauye, shi ne mai sulhu in rigima ta tashi, wani lokaci kuma danginsa ne ke da'awar filin. Akwai masu gari masu tsoron Allah da yawa, amma tsari ba ya tsayuwa a kan fatan kowa zai zama waliyyi. Batun ajiya ma abin dubawa ne. Rajistar da ke cikin akwatin ƙarfe a ɗakin sakatare, ga gara ga ɗigon damina, ba ta fi ƙwaƙwalwar tsoho tsawon rai ba. An rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, aka naɗa masu riƙo. Shugabanni suna zuwa suna tafiya, ya kamata a ce kundin yana da kwafi a gunduma da jiha wanda canjin kujera ba ya taɓa shi.

Babu inda tambayar wa ke da ƙasa ta fi tsini kamar Keita. A 1984, cikin fari, aka fara babban aikin raya karkara na Adar Dutsi Majiya, wanda kowa ya sani da Froje Keita, da kuɗin Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM; daga baya ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Rahotannin aikin sun ce an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Wa ya yi aikin? Maza sun tafi cin rani. Mata ne mafi yawa, su suka ɗauki duwatsu a ka, goyo a baya, suna jera su a kan fako, suna haƙa ramuka a gangaren dutse da diga, a biya su da hatsi da mai. Benedetta Rossi, wadda ta yi shekaru tana bincike a yankin ta fitar da littafi a 2015, ta nuna cewa da yawa daga cikin matan nan daga gidaje mafi talauci suka fito, har da zuriyar waɗanda aka bautar. Fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa ya fara fitar da gero da ciyawa. Da ya yi kyau, sai masu shi suka bayyana: wannan kakansa ya taɓa noma wurin kafin ya mutu, wancan ƙasar sarautarsu ce, makiyayi kuma ya ce shi bai taɓa barin wurin ba, hanyarsa ce tun fil azal.

Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Fiƙihun Malikiyya ya san raya matacciyar ƙasa a matsayin hanyar samun haƙƙi a kanta, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa mas'alar littafi sukutum, Ta'alimur Radi. Ban ce a ƙwace wa kowa gonarsa ba. Na ce matar da ta raya fako da wuyanta tana da haƙƙin da ya wuce mudun da aka auna mata a ranar, kuma duk takardar da za a yi wa irin wannan fili ya kamata ta faɗi wanda ya raya shi da abin da ya samu. Mai shakka ya buɗe rajistar Kofo mafi kusa da shi ya ƙirga sunayen mata. Ko gadon da Allah ya yanka musu, rabin na namiji, sau nawa 'yan'uwa maza suke cewa a bar gona a dunƙule, a ba mace dami in an girbe, daga nan maganar ta mutu?

A kwarin Majiya na Buza an ga wani salon. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka dasa layukan dogon yaro don tare iska, a cikin gonakin mutane. Da itatuwan suka girma suka isa sara, sai aka tsaya ana tambaya: na mai gona ne, na waɗanda suka dasa ne, na gari ne, ko na gwamnati? Gona ɗaya, mai ƙasa daban, mai itace daban. A kwarin Tarka na Madawa kuwa albasa ce ta sa fadama ta yi tsada. Manomi ya rasa kuɗin iri da mai, ko rashin lafiya ta same shi, ya jinginar da fadamarsa ga mai kuɗi da baki, a gaban mutum biyu. Shekara goma ta wuce bai fansa ba, shaidun sun mutu ko sun yi ƙaura, magada su tashi su ji an ce ai sayarwa aka yi. Takardar jingina guda, wadda Kofo take da ita a aljihun tebur, da ta hana wannan.

Makiyayi shi ne wanda tarihin sara ya fi zalunta, domin shi ba ya sara, kuma sawun shanu ba ya kwana biyu. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja layin da noma ba zai wuce ba ta arewa, gonaki sun daɗe da tsallake shi. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana mai da filin kiwo mallakar wani. Duk da haka burtali yana tsukewa taƙi-taƙi, kowace damina a ci masa kunya ɗaya, mashaya ta wayi gari an kewaye ta da lambu. A Nuwamban 2016, a Bangi ta gundumar Madawa, faɗan manoma da makiyaya da ya faro daga ɓarnar gona ya ci rayuka aƙalla 18, har da mata da yara. Kafin nan an ga na Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda aka kashe fiye da mutum ɗari. Burtalin da aka auna, aka kafa masa turaku na siminti, aka rubuta faɗinsa da sa hannun manoman da ke gefensa, ya fi taron sulhu goma bayan an binne gawa.

Na san masu cewa a bar wa al'ada abinta, takarda kayan Nasara ce, ita ke kawo sayar da gona. Akwai gaskiya a ciki: takarda takan sauƙaƙa wa mai kuɗi. Amma al'adar da suke magana ta yi aiki ne lokacin da wanda aka kora zai iya ɗaukar gatari ya shiga daji. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a gundumomin nan uku, kuma waɗanda aka haifa a shekarar sun kusa neman gonar kansu. Dajin ya ƙare. Dattawan da suka ga zamanin Jori da idonsu, suka san wa ya ara wa wa kafin jawabin Kunce, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In suka ƙare, ƙwaƙwalwar jama'a da doka ta dogara da ita za ta koma ta wanda ya fi baki ko ya fi aljihu.

Gwamnati ta yi babban taron filayen karkara a 2018, ta amince da manufar filaye a 2021. Takardun Yamai sun isa haka. Abin da ya rage aikin ƙafa ne: Kofo ta daina zaman jiran mai saye, ta fita ƙauye-ƙauye da rani, ta zaunar da tsofaffi maza da mata a bainar jama'a, da makiyayan da ke bi ta wurin, a rubuta tarihin kowane fili yadda yake, wanda ya sara, wanda ya ara, tun yaushe, ko ana kai dami, wa ke da itace, ta ina dabbobi ke wucewa bayan girbi. A rubuta da Hausa, boko da ajami, da Tamajak inda ake jin ta, a karanta da ƙarfi kafin kowa ya dangwala. A kan tsohon aro kuwa, hukuncina shi ne gidan da ya noma gona tun kafin 1974 ba a tashe shi: a rubuta asalin ga masu asali, a rubuta zaman ga masu zama, da sharaɗin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya bi magadansu.

Kai kuma mai karatu, in akwai gonar aro ko ta jingina a gidanku, ko ku kuka bayar ko ku aka ba, kada ka jira hadari ya haɗu. Ka ɗauki dattijon da ya san maganar tun yana da ƙafa, ku kira ɗaya ɓangaren, ku tafi wurin Kofo tare a rubuta.